Ranar da Muka Je Ɗibar Dodon Koɗi

Wata Lahadi ce a watan Agusta, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Baba Idi maƙwabcinmu a Tottenham ya zuba mu a motarsa ta kai kaya, ni da babana da ƙanwata Hajara, muka nufi bakin teku ɗibar dodon koɗi. Shi mutumin zangon Takoradi ne, ya san teku. Mu kuwa daga Yawuri muka zo, ruwan da muka sani kogi ne, wanda sai da damina yake cika, a hankali, kowa yana gani.

Mun tarar ruwan ya janye nesa, ya bar duwatsu tsirara suna ƙarni. Baba Idi ya nuna mana yadda dodon koɗin suka raba wurin. Can sama, a tsagar busasshen dutse, akwai ƙanana kamar ƙwayar dawa. A tsakiya masu ruwan ɗorawa ne, maƙale a ƙarƙashin ciyawar teku mai santsi. Manyan baƙaƙe, waɗanda ake miya da su, sun fi yawa a ƙasa, gab da ruwa. Kowane iri ya tsare rabonsa. "Ƙananan nan sun fi ku wayo," in ji shi, "inda suke, leƙe kawai ruwa yake yi." Ya ce kada mu daɗe a ƙasa, ruwan zai dawo ya cika wurin. Babana ya yi dariya, ya ce wane ruwa ne zai cika babu hadari.

Suka hau tudu yin sallar azahar, suka ce mu biyo su, ni kuwa na ja Hajara muka ƙara gangarawa da bokiti. Ban san lokacin da hazon teku ya rufe mu ba. Da na ɗago, ba tudu ba mota, sai ruwa mai sanyi yana bin ramukan da muka tsallake ɗazu, shiru. Ya kai idon sawun Hajara, ya kai gwiwarta. Ta riƙe rigata ta ce, "Yaya, ta ina muka zo?" Ban sani ba, ko'ina fari fat.

Na yar da bokitin, na goya ta, na riƙa laluben dutse da hannu. In na ji manya na juya, in na ji ciyawa mai santsi na matsa gaba. Sau biyu na faɗi, gwiwata ta fashe. Sai da yatsuna suka taɓa ƙananan nan a cikin tsaga, sannan na jiyo babana yana kiran sunayenmu, muryarsa ta dishe.

Yau babana da Baba Idi duk sun riga mu gidan gaskiya. Hajara tana Dagenham da 'ya'ya uku, ba ta bari su taka bakin teku. Ni kuma ina koyon karatu a ajin manya na ƙaramar hukuma, kwanan baya na koma bakin tekun nan, na karanta allon da ke faɗin lokacin dawowar ruwa, harafi bayan harafi. An ce tun zamanin nan ana kafa irinsa a wurin. Mu huɗu muka wuce ta gabansa ran nan, babu wanda ya san da mu yake.