Rowar Numfashi

Aminieli Lyimo mutum ne mai sana'a biyu, amma ɗaya kawai yake ɗauka da daraja. Litinin zuwa Juma'a yana ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar koyon likitanci a garin Moshi, yana wanke bututai, yana zuba wa na'urar awon numfashi ruwa. Ranar Asabar kuwa sai ya ɗaura jan taye, ya haye bayan akori-kura tare da 'yan badujala, ya busa begila a gaban motar amarya tun daga coci har ƙauye. Tun yana saurayi yake wannan busa. Rabin masu sayar da ayaba a kasuwa shi ya raka su ɗakin miji, kuma ba ya barin su manta.

Na'urar tsohuwa ce, ganga cike da ruwa, an kifa wata ƙarama a ciki. In mutum ya hura ta tiyo, ƙaramar sai ta taso, alƙalami ya ja layi a takarda mai juyawa. Shekara da shekaru Lyimo yana kallon ɗalibai suna hurawa, hanci a matse, ido waje, malama na yi musu tsawa su fitar da iskar duka lokaci guda. Shi bai taɓa sa bakinsa ba, don ya san bakunan da suka riga shi. Ban da haka, a ganinsa wannan ba hurawa ba ce, almubazzaranci ne da rashin tarbiyya.

Ana nan sai Temba, shugaban badujala, ya kawo ɗan ƙanwarsa Manase, shi ma mai busa begila, wani ƙato mai ƙirji kamar buhun masara. Wurin babban mai begila ɗaya ne a motar, can gaba bayan kan direba, kuma Temba ya soma zancen tsufa da ciwon gwiwa ba tare da an tambaye shi ba. Lyimo ya tsorata ƙwarai, domin bai san me mutum yake yi da ranar Asabar a ƙasa ba. Sai ya mayar da tsoron fushi. Ya ce duk su zo wurin aikinsa, akwai na'urar da ba ta san ɗan ƙanwar kowa ba.

Dakta Nyamizi, malamar ajin, dama tana neman waɗanda za a gwada a gaban ɗalibai, nan take ta amince. Suka zo da jajayen taye, har da gangar kiɗa.

Lyimo ne ya fara. Ya tsuke leɓe, ya kumbura kumatu, ya saki iska siririya a hankali, irin wadda ke sa iyayen amarya kuka. Tiyo ya yi ta gurnani, alƙalami na rarrafe, har wani ɗalibi ya duba wayarsa ya amsa saƙo. Dakta ta kalli takardar, ta kalle shi, ta tambaye shi ko da ƙafarsa ya hau bene yau. Ta ce abin da ya fito a daƙiƙar farko, na wanda ake kawowa a kwance ne.

Sauran mabusa suka bi layi, kowa da irin wannan tsukewar baki, kowa ya fito majinyaci. Sai Shayo makaɗi, wanda taba ba ta barin bakinsa tun safe, ya hura sau ɗaya, ya ɓarke da tari, ya doke su duka. Nan da nan ya ce a miƙo masa begila.

Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce na'ura ba dangin ango ba ce, ba waƙa take so ba. So take mutum ya cika ƙirji ya amayar da komai kamar rigarsa ta kama da wuta. Manase ya gane nan take. Hurawa ɗaya ya yi, gangar ciki ta yi tsalle, ruwa ya fantsamo a takalmin kawunsa, ɗalibai suka tafa.

Lyimo ya gwada, ya sake gwadawa. Duk sanda ya hura, ƙirjin sai ya ɓoye ragowa bai shawarce shi ba.

"Baba, wa kake ajiye wa ne?" in ji Dakta. "Fito da ita duka. Ƙara. Har yanzu da saura, ina gani."

Ranar, karo na farko a rayuwarsa, ya ba da duka. Idonsa ya yi duhu. Da ya farfaɗo ya duba, layinsa ya tsaya can ƙasa da na Manase. Dakta ta dafa kafaɗarsa, ta ce huhunsa lafiya lau, gwargwadon shekarunsa. Wannan gwargwadon ya fi komai yi masa ciwo. Ya cire abin matse hanci, ya kwashi bututai ya nufi famfo, ya ba kowa baya.

Temba dai yana tsaye da jiƙaƙƙen takalmi, yana kallon takardun biyu. Ya tambayi Dakta me ya sa layin Manase ya miƙe tsaye ya ƙare nan da nan, na farkon Lyimo kuwa ya kusa zagaye takardar. Ta ce ai Manase ne ya yi daidai, na'ura haka take so.

"To na'ura ta ɗauke shi aiki," in ji Temba. "Ni daga coci zuwa ƙauyen Marangu hawan tudu ne, kuma direbanmu bai taɓa wuce giya ta biyu ba. Wanda ya zubar da iskarsa a bakin coci, me zai busa wa mutanen ƙauye? Marowaci nake nema." Ya ɗaga murya wajen famfo. "Baba Lyimo, ranar Asabar kada ka makara."

Lyimo ya juyo. Yana da maganganu da yawa da ya tanadar wa Temba, da Manase, da Shayo musamman. Ya buɗe baki, amma bai rage ko ɗigon iska ba. Sai kawai ya gyaɗa kai.