Ɓarawon Rigar Mutum-mutumi

Na manta yawan shekaruna, na manta karatun da na yi har aji uku kafin malami ya gaji da ni, amma abin da na gani a gonar shinkafata ta hanyar Argungu, mantuwarsa sai kabari.

A lokacin ni ne gwanin biko a Gwadangaji. Mace ta yi yaji, ni ake turawa. In sha furar gidansu, in ja rabin aya, in ce a yi haƙuri, in komo da ita kafin la'asar. Dabarata guda ce: in ja uban gefe in ce kada ya bari ta kwana, in ta kwana ta ji daɗin gida. Matar wani mai keke-napep a unguwarmu, sau uku ina mayar masa da ita haka, ina hura hanci.

Wata rana da hantsi na je korar tsuntsaye, na tarar da mutum-mutumin da na kafa tsirara, an tuɓe masa tsohuwar rigata. Na shiga zagin ɓarayin zamani da ko kara ba su bari da mutuncinsa ba. Na leƙa bukkar gona da sandata a sama, sai ga rigar a zaune, da mutum a ciki.

Ita ce, matar mai keke-napep. Ido ɗaya a rufe don kumburi, hannu ta ɗaure shi da kara da tsumma, sauro ya yi mata zane a jiki. Kwananta shida a nan tana tauna ɗanyar shinkafa. Mijin ya karya ta, ya ƙone kayanta, ya rufe ƙofa. Ni kuma, da wayona, na tambaye ta me ya hana ta zuwa gidansu.

Ta ce, "Na tai, Baba. Kai kac ce ma ubana kar shi bari in kwana. Ya riƙe maganarka."

Sandar ta faɗi daga hannuna.

Na kai ta asibiti, daga nan ɗakin tsohuwata, wadda ta yi mini kallon da har yau nake jinsa a ƙeya. Washegari na je na durƙusa gaban ubanta na janye maganata, ya zo da kansa ya ɗauki 'yarsa yana hawaye. Da mijin ya zo neman in yi masa biko na huɗu, na ce mai biko ya yi ritaya, mu haɗu gaban alƙali, ni ne shaida.

Abin da na koya, kuma ba a aji uku ba: kafin ka ce wa mace ta yi haƙuri, duba hannunta. Ƙofar gidan uba ita ce ta ƙarshe. In ka rufe mata ita, saura daji.