Biskit ɗin Wanda a Kan Tsauni

Shekara talatin da ɗaya Wanda Tibbets ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙaramin gari na Florida, can bakin teku a Amurka. Mace ce mai faɗa da cika baki, amma fa hannunta bai taɓa ƙaryata bakin ba. Duk Disamba sai ta yi biskit ɗin hatsin ots mai lemun zaƙi. Takan kankare ɓawon lemun a cikin sukari, ta murza da yatsu har ƙamshi ya cika ɗakin girki, sannan ta zuba sauran kayan. Yaran da ta ciyar sun girma sun hayayyafa, amma ba su daina tare ta a hanya suna tambayar yaushe za a fara ba.

Bayan rasuwar mijinta, ɗanta Russell ya ɗauko ta ya kawo ta Leadville, can ƙololuwar duwatsun Colorado, inda yake tuƙa motar share dusar ƙanƙara. Wata biyu da zuwanta matan coci suka sa ranar musayar biskit ta Kirsimeti: kowa ta kawo dozin shida na hannunta, ta koma gida da na kowa. Wanda ta rubuta sunanta a takarda har da ja masa layi.

Tiren farko ya fito a baje, duk sun haɗe kamar faifai, gefe ya ƙone, tsakiya ya lotsa. Ta zagi tandar Russell. Na biyu ma haka, ta zagi fulawar garin. Da na uku ya fito ba ta zagi kowa ba, ta nemi kujera ta zauna. Haka mahaifiyarta ta fara. Yau ta manta gishiri, gobe ta sa sau biyu, kafin shekara uku ta daina gane fuskar Wanda. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ita ma ta kai shekara sittin da tara.

Washegari ta sake gwadawa, wannan karon duk abin da ta zuba sai ta rubuta. Biskit ya sake bajewa. Ke nan awon da ta haddace ne ya rikice a kanta, haka ta yanke. Ba ta gaya wa Russell ba. Ta kwashi tiren ta nufi kwandon shara na waje, tana haɗiye kuka.

Maƙwabciyarta Dolores Baca, wadda aka haifa a garin, tana share ƙofar gida.

"Baiwar Allah, me biskit ya yi miki haka?" in ji Dolores. "Kwana biyu ke nan hankakin unguwa suna walima a ƙofarki."

"Ji da shararki," in ji Wanda.

Dolores ba mai saurin fushi ba ce. Ta matso ta ɓalli gefen biskit ɗin ta kai baki, ta tauna, sai ta kwashe da dariya.

"Oho, 'yar bakin teku! Faɗa mini awonki in ji."

Wanda ta zayyano shi tun daga man shanu har hodar tashi mai sa kwaɓi ya kumbura, kamar mai amsa tuhuma.

"Daidai yake tsaf," in ji Dolores. "Sai dai awon mutanen can ƙasa ne. Mu nan sama muke, iskar ba ta da nauyi. Kwaɓi yakan kumbura da garaje, kafin ya kama jikinsa ya faɗi. Duk baƙuwa sai ta yi wannan asarar."

Wanda ta riƙe mata hannun riga. "Maimaita. Kika ce daidai yake?"

"Ke kurma ce kuma? Tsaf!"

"To don me ba a rubuta a ƙofar garin nan ba? Kun bar mutum yana neman haukacewa!"

Dolores ta ce ta rage sukari da hodar tashi, ta ƙara fulawa cokali biyu da ɗan ruwan lemu, ta ƙara wa tanda wuta. Sau ɗaya ta faɗa. Wanda ta koma ciki ta ɗaura gyalen aiki, da gangan ta ƙi ɗaukar alƙalami. Bayan minti goma sha ɗaya ta buɗe tanda. Ga su nan kowanne a mazauninsa, tsakiya a tashe, gefe ya yi ja daidai. Ta yi wata irin shewa har Dolores ta jiyo daga waje.

Ranar musaya, tun ba a gama shan kofi ba aka wawushe tiren Wanda. Matar fasto ma an kama ta tana tura na bakwai a jaka. Mata suka yanyame ta da biro da takarda, kowa na son awon.

Wanda ta gyara zama, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, farin ciki kamar ya fasa mata ƙirji.

"Wanne za ku rubuta, na ƙasa ko na tsauni?" Ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa. "Duka biyun suna nan."