Jiƙaƙƙen Hannun Baban Kwaɗi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da shi da safe ya san tafin hannunsa a jiƙe yake, kuma ba ya ƙanshin komai. Ba sabulu, ba mai, ba turare. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake taimakon numfashi, shi ya sa mai kula da ɗakin dabbobi na sashen haɗa magunguna, wanda kowa ke kira Baban Kwaɗi, ya haƙura da shafe-shafe tun gashinsa yana baƙi.

Kullum shi ke fara buɗe ƙofa. Ya canja ruwa, ya zuba ƙwari, ya bi akwatuna yana leƙawa kamar mai gaida maƙwabta. Sannan ya ɗauko kwaɗo, ya matsa kumburin da ke bayan idonsa a hankali, farin ruwa ya ɗigo kan gilashi. Daga wannan ruwa ɗalibai ke tace sinadaran da ake kira amin, irin su serotonin mai tsuke jijiyar jini. Kafin zuwansa, kashe kwaɗon ake yi a feɗe fatar. Shi ya ce a bar masa, zai tatso da ransu. Kai ne, Baba, ka sa wuƙa ta yi tsatsa a ɗakin nan.

Amma fa akwai kishi! Ɗalibi na kai hannu zai ji, "Kai! Da izinin wa?" Kishin har gida ya bi shi. 'Yarsa ta taɓa cewa, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Ko zazzaɓi nake, sai ya je ya duba kwaɗinsa tukuna."

Da ritaya ta matso aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya. Farfesan sashen bai ɓoye ba: in ba ta iya tatsa ba, za a koma feɗewa, domin bincike ba zai tsaya ba. Baba ya koya mata, yana koyarwa yana harara.

"Me kika shafa?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ɗin ne nake jiyowa tun daga bakin ƙofa? Je ki wanke. Kuma ban da sabulu!"

Ranar sallama ya nuna mata Gwaggo, ƙatuwar kwaɗuwar da ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. In wani ya ɗauke ta, sai ta kumbura ta yi masa fitsari. Ma'aikaciyar ta jiƙa hannu, ta tallabo ta daga ƙasa. Gwaggo ta lafe. Farin ruwa ya ɗigo, ɗaki ya ɗauki tafi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ka gani? Ko motsi ba ta yi ba!"

Ya taɓe baki. "Tsufa ne ya kama ta."

Mun gode, Baba. Ka so su har ka ƙi a taɓa, ka kuma so su har ka koyar da wadda za ta raba ka da su. Duk mai wata sana'a a hannu, ya dube ka, ya koyar ko da zuciyarsa na ƙuna.

Ana cikin jawabai ya matsa kusa da akwatin Gwaggo, ya miƙa hannu, sai ya ga ta juya tana fuskantar sabuwar mai ita. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya goge tafinsa a jikin riga har ya bushe, ya rataye makulli a ƙusa, ya fita.