Na'Allah Mai Hayar Littattafai da 'Yar Shagari

A kasuwar Bodinga, jikin shagon ɗinkina, Na'Allah yake shimfiɗa littattafan haya a kan tabarma. Yara sun koma karatu a waya, sana'ar ta zama ba yabo ba fallasa, amma ya ƙi bari. Yana da wani hali mai ban haushi: ba ka isa ka mayar da littafi ka wuce ba sai ka faɗi yadda ka gan shi. Ni da ƙarar keken ɗinkina mun sha surutu.

Abin da manyan kasuwa suka sani, yara ba su sani ba, shi ne Na'Allah yana da ɗiya. Matarsa ta farko ta rasu wajen haihuwarta. Wansa Bawa, manomin albasa a Shagari, bai taɓa samun haihuwa ba, sai ya ɗauki jaririyar riƙo, ya roƙi kada kowa ya gaya mata. Yarinyar, Jamila, ta girma tana kiran Na'Allah Bappa, shi kuwa "'yar Shagari" yake ce mata. Na sha ce masa wannan shirun zai kashe shi, sai ya yi dariya ya sake zance.

Da damina aka kawo masa wani sabon littafi. Labarin wata ɗaliba ce da ke bin sawun wanda yake ajiye mata gyaɗa a tagar aji, har ta gano mai gadin makarantar ne, kuma shi ne mahaifinta. Littafin ya tayar da ƙura tsakanin masu karɓar haya. Lukman, ɗan mai nama, ya ce, "Uban nan matsoraci na, bai cancanci gahwara ba." Nana Fatima ta ce ita kuka ta yi, mutumin ya ba ta tausayi. Maniru kuwa cewa ya yi tun shafi na goma ya gane, marubucin ya raina musu hankali. Na'Allah ya saurari kowa, har da masu shirme, yana gyaɗa kai kamar alƙali.

Sai ya ba direban motar Shagari littafin ya kai wa Jamila. A nan na gane abin da yake nufi. Bakinsa ya kasa, yana son takarda ta yi masa aikin.

Ranar kasuwa sai Jamila ta zo da kanta, da kayan makaranta a jikinta. Na tsayar da keke, ban ma ɓoye ba.

"To, 'yar Shagari, mi kika gani?" ya tambaye ta.

"Bappa, marubucin bai san ɗiya mata ba," in ji ta. "Babu yarinyad da ka rasa sanin ubanta. Ta sani tun tana ƙarama, daga yadda yaka dubinta. Ba bincike taka yi ba, jira taka yi ya hwaɗa da bakinai."

Ta tsaya tana kallonsa. Wallahi da hannuna zai kai, da na mangare shi. Ya sake jera littattafan da ke jere, ya ɗaga kai ya ce, "Ki gaishe min da babanki."

Ta ce, "Za ya ji." Ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Ya ce alkawari ya yi wa Bawa, kuma mutumin da ya goya ta a bayansa zuwa asibiti bai cancanci a ƙwace masa ita da rana tsaka ba. Ya ce in ta gama sakandare za su zauna su uku.

Kafin a cire albasa zazzaɓi ya kwantar da Na'Allah, bai tashi ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, da shi da Bawa da mu da muka taya su yin shiru.

Matata ta ba ni labarin zaman makoki. Jamila ta shigo ba ta nemi wurin baƙi ba, ta wuce ta zauna kan tabarmar iyalan mamaci. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ce, "Ya haƙurin rashin Bappanki?"

Jamila ta ce, "Inna, babana ne. Yanzu ai babu wanda za ya ji kunya in na hwaɗa."