Bebiyar Iya Ladi

Duk wanda ya zauna Makera a shekarun da ake gina masaƙa a Kakuri, in ka ce masa Iya Ladi mai tuwo, zai ce maka, "Wacce, mai bebiya?" To, ita. Doguwa ce siririya, ba ta dariya, ba ta kuma faɗa da kowa. Rumfarta na ƙofar gidanta, da ɗan tafiya daga tashar jirgin ƙasa. Leburorin reluwe da 'yan dako nan suke cin na rana. In ka yaba miyarta ta ce to. In ka kushe ma ta ce to.

Ba haka aka haife ta ba. Mutanen Kazaure da suka san ta tana budurwa sun ce bakinta ba ya hutawa. Ta auri wani maɗinki, Nuhu, suka kama hanyar Makka a ƙafa, irin tafiyar mutanen da, a yi gaba, a tsaya a yi ƙwadago, a sake gaba. Suna wani ƙauye a ƙasar Sudan suna tsinkar auduga, abokan tafiya sun wuce, sai ciwon ciki ya kwantar da Nuhu. Ladi ta fita neman taimako. Ta bi gida gida tana magana, ana kallon bakinta. Wata ta ba ta ruwa, wani ya ba ta dabino, a zatonsu bara take. Kafin ta samo mai jin Hausa, Nuhu ya cika. Ta yi shekaru can tana wanke-wanke a gidajen mutane kafin ta samu ayarin da ya dawo da ita. Kazaure ba ta sake ganin ta ba, Kaduna ta tsaya. Tun daga nan zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai, ko ka tsunkule ta ba ta ji.

Wata Asabar da damina ta je tasha ɗaukar buhun dawa. Jirgin Kafanchan ya daɗe da sauke mutane, kowa ya kama gabansa, sai wata mace ita kaɗai a kan benci, da doguwar riga irin ta 'yan mishan, ta rungume ƙunshinta tana duba fuskar duk namijin da ya wuce. Ladi ta san wannan kallon. Ba tausayi ta ji ba, ganewa kawai ta yi, yadda kake gane takalminka a ƙofar masallaci.

Sai ga Lawal, ɗan kamashon tasha, mai hula a karkace. Kowa ya san gidan da yake kai matan da suka sauka babu mai taryarsu, an kuma san ba sa fitowa yadda suka shiga. Ya yi wa matar murmushi, ya janye ƙunshin daga hannunta, ya nuna mata hanya. Ta miƙe za ta bi shi.

Ladi ta ajiye zancen dawa. Ta tako ta damƙi hannun matar.

"Asabe, baiwar Allah, tun safe nake nemanki. Nan na ce ki zauna?"

Lawal ya ce, "Iya, kin san ta ne?"

"Ƙanwata ce. Bebiya ce, kada ka wahalar da bakinka."

"Ƙanwarki? Da rigar 'yan coci? Kuma ke ga ki kamar gwangwala, ita kamar turmi."

"Babanmu ya yi yawo. Ba ni kayanta."

Matar ta buɗe baki za ta ce wani abu. Ladi ta matse mata yatsu da ƙarfi, ta dube ta ido cikin ido. Matar ta rufe bakin. Lawal ya jefar da ƙunshin, ya ce dama shi taimako ya zo yi, bebiya kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya so.

A gida, da hannu da ido, Ladi ta tsinci labarin kaɗan kaɗan. Sunanta Scholastica, daga ƙasar Kamaru ta Faransa. Mijinta Alexander makanike ne, ya taho Kaduna neman aiki, shiru shiru, ta biyo sawunsa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da ya kawo ta ke nan, mijin, ba kuma abin da take so a garin sai shi.

Ladi ta ɗaura mata zane da kallabi, ta tura ɗan gicciyen wuyanta cikin riga. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna waje. Ta sauke yatsan, ta nuna ɗaki. Asabe ta gane. A lissafin Ladi, baƙuwa mai baƙon yare kowa na da abin da yake so a wajenta, ɗan doka zai tambaye ta takarda, irin su Lawal za su tambaye ta abin da ya fi takarda. Bebiya kuwa ta Allah ce. Ba mai tsayar da ita a hanya, ba mai taɓa ta, ana tsoron alhakinta. Tasha kam Ladi ta hana ta sake takawa.

Haka suka zauna. Asabe na daka, tana tankaɗe, tana tuƙi a bayan zana. Ladi na zuba wa mutane, tana ɗan jefa tambaya kamar ba komai: a wajen aikinku akwai wani Alexander? Akwai su kuwa. Aka turo wani mutumin Zonkwa, aka turo wani Inyamuri mai gyaran famfo. Kowanne ya zauna cin tuwo, Asabe ta leƙo ta kafar zana, ta girgiza kai. Ladi ba ta taɓa faɗa wa kowa dalilin tambayar ba, don in ta faɗa, ƙaryar ta tashi.

In sun shiga ɗaki bayan la'asar, Ladi ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, Asabe ta maimaita ƙasa ƙasa. Ludayi. Muciya. Gishiri. Kafin wata damina ta zagayo, Asabe na jin duk abin da ake faɗa a rumfa, har da wanda ake faɗa a kanta. Mata na zagin mazansu a gabanta, maza na cewa ga mace har mace, Allah ya rage wa mijinta wahala. Ta saba da shirun. Wani lokaci ko a ɗaki sai su wuni ba wadda ta ce uffan, Ladi ta yi sallarta, ita ta durƙusa ta yi tata.

Ran nan Tanko, wani dattijon ɗan dako, yana cin tuwo yana hira da baki cike. Asabe ta fito kwashe kwanuka.

Ya ce, "Iya, ba ki ga abin tausayi ba. Wani mutumin Kamarun Faransa, makanike, ya yi kwana da kwanaki a tasha yana tambayar matarsa. Wai yana Zariya aiki, sai bana ya ji ta biyo shi. Hausar tasa kamar ana jan akuya. Ya faɗi sunanta, ni dai harshena bai iya ɗauka ba."

Ladi ta ci gaba da kwasar miya. "Sai aka ce masa me?"

"Me za a ce? Babu. Na ce masa baƙuwa ɗaya na sani da ta sauka bara, ƙanwar Iya Ladi, ita kuma bebiya ce. Ya ce a'a, tasa har waƙa take ja a coci, surutunta ma ya ishe shi. Da ya gaji ya hau jirgi. Ƙara mini miya."

"Wane jirgi, Baba?"

Ba Ladi ce ta yi tambayar ba. Tanko ya waiga da loma a hannu. Asabe ce tsaye da kwanuka, fuskarta ba kuka ba fushi.

Tanko ya ce, "Na... na Jos. Ya ce zai gwada wajen masu haƙar kuza."

"Yaushe?"

"Kafin azumi."

Ladi ta zuba masa miyar. Ta ji maganar ta shiga kunnenta, ta jira ta ji inda za ta sauka a jikinta, ba ta sauka ko'ina ba.

Ba su yi zancen ba. Asabe ta fiddo doguwar rigarta ta wanke. Ladi ta soya mata gyaɗa, ta ƙulla mata garin rogo. Ta nemo Dorcas, wata 'yar Kagoro mai fataucin citta da ta san Jos, ta damƙa mata ita. A tasha Lawal ya hango su, ya ce, "Iya, an ce bebiya ta warke." Ladi ta ce, "An ce."

Da jirgi ya yi kuka, Asabe ta leƙo ta taga.

"Yaya, in ban same shi ba fa?"

"Ki yi ta tambaya. Da ƙarfi."

Da Dorcas ta dawo, ta ce ta bar ta a hannun matan wani coci, suna bin sansanonin kuza ɗaya bayan ɗaya. Iyakar abin da Makera ta sani ke nan. Ko ta same shi, ko ba ta same shi ba, ba wanda ya zo da labari.

Sai dai zance ya bazu cewa a gidan Iya Ladi bebe na magana. Wata mata ta taso tun daga Narayi da 'yarta mai kamar shekara bakwai, wadda ba ta taɓa cewa ko inna ba. Ta durƙusa tana roƙon a gaya mata wane malami ne, ko wace saiwa aka jiƙa. Ladi ta ce babu malami, babu saiwa, waccan dama tana magana. Matar ba ta yarda ba, ta ce ko nawa ne za ta nemo. Ladi ta dubi yarinyar, yarinyar ta dube ta. Ta jawo musu tabarma, ta zuba musu tuwo, ta ce su ci kafin rana ta yi sanyi, Narayi da nisa.