Kunnen Tulu a Labda

Greensboro

Ana kiran asalatu na ɗauki jakata. Inna ta biyo ni har bakin mota, sanye da rigar sanyi a kan zaninta. Shekara tara ke nan da yayana Sani ya rasu a Libiya, inda yake leburan gini, kuma babu ɗan gidanmu da ya taɓa ganin kabarinsa.

"Ban ce ka sayo mini komai ba," in ji ta. "Ka tsaya daidai kansa ka yi addu'a, ka dawo ka gaya mini."

Na ce to, da bakin wanda bai san abin da ke gabansa ba. Daga McLeansville, inda muke zaune a Amurka, zuwa filin jirgin Greensboro ban haɗu da mota biyar ba.

Tarabulus

Jirgi uku na canza, New York, Kasablanka, sannan Tarabulus, babban birnin Libiya, na sauka ƙafafuna sun kumbura. Malam Idi, magini ɗan Tanut ta ƙasarmu Nijar, wanda ya yi wa Sani sutura, shi ya tarbe ni. Muka kwana a ɗakinsa, da safe muka sha shayi da burodi muka kama hanyar gabas, tafiyar kamar awa biyu. A shinge ɗaya soja ya juya fasfona na Nijar, ya miƙo ba tare da ya dube ni ba.

"Malam, za ka gane wurin kuwa?"

"Haba ƙanena! Da hannuna na kafa masa kunnen tulu a kan kabarin don shaida, yadda muke yi a gida."

Labda

Labda tsohon birnin Rumawa ne a bakin teku, kuma ta cikinsa muka yanke. Ni da nake tinƙaho na ga dogayen benaye a Amurka, sai na tsaya ina ta kallo. Ga titi shimfiɗe da dutse, ga ginshiƙai tsaye babu rufi, ga kasuwa har da mudun awo da aka fafe a jikin dutse, amma ko kaza babu. A wani fili an jera kawunan dutse masu gashin macizai, duk inda na matsa sai na ga kamar ni suke kallo. Da muka shiga filin wasansu na yi sallama don sabo, sai muryata ta dawo mini daga kujerun da babu kowa. Tsoro ya kama ni sosai.

Maƙabartar baƙi tana bayan kangon birnin, kusa da wani busasshen kwari. Malam Idi ya tsaya cak. Ruwa ya bi ta wurin ya baje kaburburan, ya tono abin da ke ƙasa. Ko'ina tsingaro ne, ja wur, kunnuwan tulunan Rumawa ba sa ƙirguwa.

Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Ya kasa gane wanda ya kafa.

"A Tanut guda ɗaya ya isa," ya ce. "Ashe a nan ƙasar ma tulu ce."

Raina ya ɓaci, amma wa zan kama? Na cire takalmi, na bi filin daga wannan gefe zuwa wancan ina addu'a, don in dai yana nan to na bi ta kansa.

Gida

Na iso ranar Juma'a da la'asar, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi. Na tarar da Inna a kan darduma, na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta daɗe tana jan carbi.

"Shi kaɗai ne a wurin?"

"A'a Inna. Gari guda ne, duk sun kwanta."

Ta share ido da gefen mayafi.

"To alhamdulillahi. Sani tun yana yaro ba ya iya kwana shi kaɗai."